Sunan Ɗan Farina

A shekarun da nake son ba da labarinsu, ban taɓa zama na ci abinci na gama ba. Loma a hannu, ido a kan ƙofar zaure. Ko salla nake yi, kunnena yana wajen sakata. Da na ji ta yi ƙara na san ya kai hannu, sai in sallame a gurguje in bi bayansa, hijabi a karkace, takalmi wari ɗaya. Har yau da abubuwa suka yi sauƙi, in aka taɓa ƙofa sai na miƙe tsaye kafin in tuna ba komai.

Ɗana na fari nake nufi. Yanzu ne nake iya cewa ɗana kai tsaye, a lokacin ko a mafarki ba zan faɗa ba. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ma sai ta jira wata ta ɗaga shi. Tawa kunyar kuwa ninki biyu ce, don sunan mahaifin mijina aka sa masa, wanda ya rasu ina ɗauke da cikin. Sunan suruki kuma ba ya fita daga bakin matar ɗa, ko da wani ne daban yake amsa shi.

Sai kowa ya nemi hanyar kaucewa. Mijina ya ce masa Babana. Kakarsa, Hajiya, da ke zaune a Gashua, ta ce masa mijina, in tana cikin raha kuma angona. Ƙannen ubansa suka ce Baba Ƙarami. Yaran unguwa suna da nasu na tsokana, wanda ba zan maimaita ba. Ni kuma, malamar firamare a nan Nguru, da nake wuni ina kiran sunayen 'ya'yan mutane har muryata ta dishe, in na dawo gida sai in ce masa kai. In ina ba da labarinsa in ce yaron nan.

Da farko yabonsa ake yi. Ba ya kallon mutum a ido, sai Hajiya ta ce, "Kun ga ɗan mutunci? Tun yana goye ya san kunya, halin mai sunan ne sak." Ba ya shiga sabgar yara, aka ce ba ruwansa da fitina. Ba ya magana, aka ce ai mai sunan ma ba mai surutu ba ne. Ni ma na karɓi yabon ina jin daɗi a ɓoye. Har aka yaye shi, har ƙanwarsa ta zo ta fara cewa Mama, shi bai ce uffan ba.

Abu biyu ya sani, ruwa da gudu. In ya sami buta da kofi zai zauna yana tsiyaya ruwa daga wannan zuwa wancan, yana kallon zubarsa, har sai an raba shi da su da kuka. In babu ruwa kuwa ba ya zama. Daga kan gado ya hau taga, daga taga ya dire kan buhun shinkafa, ya zagaye tsakar gida yana kaɗa hannuwa kamar zai tashi sama. Da an kunna injin niƙa na maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya ƙwala ihu. In ya ga ƙofa a buɗe kuma, shi ke nan, ya fice, ba ya duba hagu ba ya duba dama.

Wata rana mai kawo mana ruwa ya bar zaure a buɗe. Kafin in ajiye ludayi yaron ya kai titi. Na fito a guje, ga wata babbar mota ta kwaso buhunan kifi tana tahowa, ga shi yana nufar gabanta. Na ɗaga murya iya ƙarfina na ce, "Kai! Kai!" Wallahi duk namijin da ke layin nan sai da ya waiwayo, har mai shayi da mai faci, shi kaɗai ne bai waiwayo ba. Allah ya sa direban ya taka birki. Ya leƙo ya wanke ni tas, na tsaya na sha.

Daga nan yabo ya ƙare, aka koma neman magani. Mun sha rubutu, ni da shi, mun yi hayaƙi har labulen ɗakina ya canza launi. An yi masa ruƙiyya, malamin ya yi iya ƙoƙarinsa, yaron ya fizge masa buta ya ɓarar da ruwan a kan tabarma. Na kai shi islamiyya, ba a yi nisa ba aka dawo min da shi da haƙuri. Wata mata da ta zo barkar haihuwa a maƙwabta ta kalle shi ta ce da ni a hankali, wai irin waɗannan 'yan ruwa ne, ba a jayayya da masu su. Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani. Na nuna mata ƙofa da gyalenta a hannu, har yau ba ma gaisawa, kuma ban yi nadama ba.

Mijina ya ce ko kurma ne. Na ce wane irin kurma ne yake jin ƙarar ledar biskit daga ɗaki na uku? Duk da haka muka je babban asibiti a duba kunnen, daga can aka tura mu wajen wata likitar yara. Ba ta taɓa shi ba da farko. Ta zauna tana kallonsa yana buɗe famfon da ke ofishinta yana rufewa, tana yi mana tambayoyi. Can ta dube ni ta ce, "Maman yaro, kira min shi mu gani."

Na buɗe baki na rufe. Mijina ya yi sauri ya ce, "Babana! Babana, zo nan." Ko gezau.

"Sunansa ke nan?" in ji likita.

Mijina ya yi mata bayani, ya lissafo mata yadda kowa yake kiransa. Ita ma 'yar gida ce, ta gane, ba ta yi mana dariya ba. Ta ce abin da ke damun yaron ana ce masa otizim, kuma tare da shi akwai wata lalura ta rashin natsuwa da ke hana shi zama wuri ɗaya. Ta ce ba aljanu ba ne, ba baki ba ne, ba kuma wani abu na ci ko na yi ba, haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwarsa, tana karɓar duniya ta wata hanya daban. Na tambaye ta kai tsaye ko rashin kiran sunansa ne ya jawo. Ta ce a'a, ko kusa, da yawa ana kiran nasu tun ranar suna kuma haka suke.

"Amma ki duba," ta ce, "yaron da gane magana yake yi masa wuya, kowa da abin da yake kiransa, ke kuma da kike wuni da shi ba ki da ko ɗaya. Ku zaɓi suna guda, kowa ya riƙe shi. Ki durƙusa daidai fuskarsa ki faɗa, in ya juyo ki ba shi abin da yake so nan take. Ba don ado ba. Yaro mai gudu irin wannan, dole a sami kalmar da za ta tsayar da shi."

A hanyar gida mijina ya ce to a riƙe Babana mana, kowa ya huta. Na ce ni zan ce wa ɗan cikina Babana a tsakiyar titi, rabin mazan garin nan ba haka iyayensu suke kiransu ba? Malaman makaranta fa, in Allah ya sa ya shiga, da wane za su kira shi? Sunansa na yanka shi ne nasa, shi zai bi shi har tsufa. Mijina ya ce in yi yadda na gani amma kada ya ji a gaban mutane.

Ranar da na fara, sai da na tura ƙanwarsa maƙwabta, na rufe ɗaki har da taga kamar mai shirin sata. Na cika buta, na riƙe kofi a bayana, na durƙusa a gabansa. Sunan da nake ji a bakin mutane kullum, a kasuwa da rediyo, ya ƙi fita, leɓena yana motsi babu sauti. Da ya fita kuma a shaƙe ya fito, ni kaina ban ji shi sosai ba. Yaron bai ko kalli inda nake ba, ya haye gado ya ci gaba da tsalle. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, na share hawaye na sake.

Haka muka yi ta yi, safe kafin in tafi makaranta, yamma in na dawo. In na kira ya juyo ko da kaɗan ne, sai in miƙa masa kofi in tsiyaya masa ruwa. Ba fuskata yake kallo ba, hannuna yake kallo, ni kuma na ce na gode Allah, hannun ma nawa ne. Wata rana ya juyo, wata rana kamar da bango nake magana. Na yi fushi na jefar da butar ba sau ɗaya ba. Daga ɗaki muka fito tsakar gida, na fara kiransa yana cikin gudu. Rani ya wuce, damina ta shigo, sannan ya fara cin birki in ya ji, ya tsaya yana neman kofi.

Tsakar gida kuwa ba ta riƙe sirri. Maƙwabciyata, wata Babarbariya mai barkwanci, ta leƙo ta katanga ta yi min sannu da yarensu ta ce, "Wushe Malama, wushe da aiki! Yau kuma surukinki kike kira da rana tsaka? In ya amsa ki gaya min in gudu." Muka yi dariya. Amma maganar ba ta tsaya a katanga ba, ta hau mota ta tafi Gashua.

Mijina yana sayo barkono a can, kusan kowane mako yana hanya. Ya dawo wata rana fuskarsa ba daɗi, ya zauna bai taɓa abinci ba. Ya ce Hajiya ta ce a kai mata mijinta ta riƙe shi. Ta ce dama ɗan fari na kaka ne, ta bar min shi ne don tausayi, ga shi boko ya sa na fara abin da ba a yi. Ta ce yaron ba abin da yake buƙata sai gida mai mutane da tsawatarwa.

Na san gidan Hajiya. Gida ne babba, zaurensa ba ya rufuwa daga asuba zuwa isha, masu sayen shinkafa suna shiga suna fita. Daga ƙofar gidan in ka gangara kaɗan, kogi ne. Na ce wa mijina, "Malam, yaron da yake bin ruwan buta kamar ransa, shi za a kai bakin kogi? Wa zai bi shi, Hajiya da ciwon gwiwa?" Ya ce shi ba zai iya ce wa mahaifiyarsa a'a ba, in ina da magana in je in faɗa da bakina. Ya san ba zan iya ba. Tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da Hajiya ba, balle in musa mata.

Kwanakin da suka biyo baya ban san me na koyar a aji ba. In ɗauki alli in manta abin da zan rubuta. Na haɗa kayansa a jaka na zazzage, na sake haɗawa. Na shirya maganganu iri-iri da zan gaya wa Hajiya, masu taushi da masu zafi, ina wanke-wanke ina maimaitawa, na kuma san ko ɗaya ba zai fita ba. A ƙarshe na sa butarsa da kofinsa a saman kayan, muka shiga mota.

Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ko'ina, daga titi kana hango shi yana walƙiya a cikin gonakin shinkafa. Yaron ya manne da gilashi yana wani ƙaramin sauti da yake yi in ya ga abin da yake so. Ni kuwa na riƙe bayan rigarsa tun daga Nguru har Gashua, yatsuna suka sage.

Mun sami gidan cike. Matan gida suna shanya shinkafa a tsakar gida, ga facalolina, ga ƙannen mijina, ga baƙi. Na durƙusa na gaida Hajiya kaina a ƙasa. Ta amsa a taƙaice, ta miƙa hannu ta ce, "Angona, zo nan, ka gudu ka bar ni." Ya zille ya bi ta kan shinkafar da aka shanya, aka yi ta dariya. Dole na sake shi, don ba a riƙe ɗan fari a gaban suruka. Hajiya ta fara magana, a natse, ba faɗa, tana cewa ita ta riƙe yara da yawa, babu wanda ya gagare ta. Ina cewa to, to, idona yana bin ƙafafunsa ta ƙasan gyale.

Wani ya shigo da buhu a ka, ya kare min gani. Da ya wuce, babu yaron.

Ban nemi izini ba, ban tsaya neman takalmi ba. Na ratsa ta kan shinkafar mutane na fita zaure. Ga shi can ya miƙe gangaren nan, hannuwa a sama, yana gudu irin nasa, kogi kuma ya cika ya tumbatsa har ya cinye inda mata suke wanki. Na san ba zan kamo shi ba, ya yi min nisa. A bayana ina jin mijina yana "Babana! Babana!", mata suna salati, wani yana "Kai yaro!" Ko waiwaye bai yi ba.

Sai na tsaya cak na kira sunan. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na kira shi da muryar da nake tsayar da aji guda, a ƙofar gidan mai sunan, a gaban matarsa da 'ya'yansa da duk wanda ya fito kallo.

Ya tsaya. Ruwa ya riga ya kai masa idon sawu. Ya juyo yana duban hannuna, yana neman kofinsa. Na sake kira, a hankali wannan karon, na ɗaga hannu kamar ina riƙe da shi, ina takawa ina kira har na isa na damƙi damtsensa. Na zauna daɓas a cikin laka na rungume shi. Ba ya son runguma, ya yi ta fizgewa yana ihu, ban sake shi ba. Mutane suna kallo, ban damu ba, kunyar ta bar jikina gaba ɗaya, tsoro ne kawai ya rage.

Muka koma cikin gidan Hajiya. Facalolina suka shiga gyara shinkafar da na tattake, kowa yana kauce wa idona. Na zaro buta da kofi daga jaka na ba shi, don na yi masa alkawari da hannuna, dole in cika. Ya zauna a gindin randa yana tsiyaya ruwa kamar ba abin da ya faru. Ni kuma na zauna ina jiran hukunci, zanena sharkaf da laka. Na ƙudura a raina ko me za a ce sai dai a ce, amma ba zan hau mota ba tare da shi ba.

Bayan la'asar Hajiya ta aiko a kira ni. Ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin, ta ce in shigo da yaron da butarsa. Ta daɗe tana kallonsa.

"'Yar nan," ta ce, "yaya ake yi?"

Ban gane ba sai da ta nuna kofin da haɓa. Na gaya mata yadda likita ta koya min: a durƙusa daidai fuskarsa, a faɗi sunan shi kaɗai ba tare da wata magana ba, in ya juyo a ba shi. Ta karɓi kofin. Ta dafa gado ta sauko ƙasa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, na kai hannu zan taimaka ta ture.

A nan na tuna abin da ban taɓa tunawa ba saboda tawa damuwar. Hajiya ta zauna da mai sunan nan tun tana yarinya har ta rufe masa ido, ta haifa masa 'ya'ya, kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba, don mace ba ta kiran sunan miji. Malam take cewa, ko mai gidan nan. Na ga leɓenta yana motsi babu sauti, irin yadda nawa ya yi a ɗakina.

Sannan ta faɗa. Yaron bai juyo ba, ya ci gaba da kallon ruwansa. Ta jira, ta sake faɗa, a hankali ƙwarai, kuma wannan na biyun ba na jin yaron take kira. Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. Na sunkuyar da kai na bar ta.

Can ta ja numfashi ta miƙo min kofin.

"Muryarki ya sani," ta ce. "Ki koma da ɗanki. In za ku zo ku aiko tukuna, in sa a rufe zaure."

Tun da na haife shi babu wanda ya taɓa ce min ɗanki a gidan nan. Al'ada ta ce in kau da kai in yi kamar ban ji ba. Na ɗago na dubi Hajiya a ido, karo na farko, na ce, "To, Inna. Na gode."